Firoksimanjit da ɗan'uwansa rodonit: tambayoyi da amsoshi kan dutse ruwan hoda mai baƙin ɓawo

Masu haƙar zinariya a yankin Mayo-Rey da Faro, da dillalan duwatsu na Garwa da Ngawndere, har da ɗalibai masu karatun ilimin ƙasa, sukan yi tambaya a kan duwatsu masu launin ruwan hoda. Wani ya tsinta a rami, wani an turo masa hoto ta WhatsApp an ce ya sa kuɗi. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi ɗaya daga cikin waɗanda ba a cika samu ba, wato firoksimanjit, wanda a takardun Faransanci ake rubuta shi pyroxmangite. Ba a iya maganarsa ba tare da rodonit ba, don su biyun ido ba ya raba su.

Wane irin dutse ne firoksimanjit?

Ma'adini ne da ya ƙunshi manganis da silikon da oksijin. Launinsa daga ruwan hoda zuwa ja, wani lokaci ya karkata zuwa ruwan ƙasa idan baƙin ƙarfe ya yi yawa a cikinsa. Sabuwar karayarsa tana sheƙi irin na gilashi, yana da nauyi a hannu, kuma galibi akan same shi da baƙin ɓawo a waje. Wasu masana biyu 'yan Amurka, Ford da Bradley, su suka fara bayyana shi a 1913, daga duwatsun da aka samo kusa da garin Iva a jihar Karolina ta Kudu. Rodonit ya girme shi da kusan shekara ɗari a littattafai, domin tun 1819 wani Bajamushe mai suna Jasche ya raɗa masa suna.

Da me ya haɗu, a lissafin masu ilimin sinadarai?

Ana rubuta shi MnSiO3: ƙwayar manganis ɗaya, ta silikon ɗaya, ta oksijin uku. Da zai zo tsantsa, kusan kashi 42 cikin ɗari na nauyinsa manganis ne. Amma a cikin ƙasa ba ya zuwa tsantsa. Ƙarfe da magniziyam da ɗan kalsiyam sukan shiga gurbin manganis, su ne kuma ke sa launi da nauyi su bambanta daga wannan mahaƙa zuwa waccan.

An ce shi ma rodonit MnSiO3 ne. To me ya raba su?

Jerin ƙwayoyin a ciki. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, don haka bari mu ɗan tsaya a kanta.

A cikin duwatsun silikon, kowace ƙwayar silikon tana zaune ne a tsakiyar ƙwayoyin oksijin huɗu, su ba da wata 'yar siffa mai kusurwa huɗu. Waɗannan 'yan siffofi suna kama hannun juna, kowace ta raba oksijin ɗaya da ta gabanta, ɗaya da ta bayanta, sai su zama doguwar sarƙa. Ƙwayoyin manganis kuwa suna kwance a tsakanin sarƙoƙin, su ke ɗaure su wuri ɗaya. Sarƙar ba miƙaƙƙiya ba ce, tana lanƙwasa, kuma lanƙwasar tana maimaita kanta bayan wani adadi. Kamar mace ce mai shirya tsakiya a zare: wata tana komawa farkon zanenta bayan tsakiya biyar, wata sai bayan bakwai, alhali daga kwano ɗaya suke ɗiba. A rodonit zanen yana komawa bayan biyar, a firoksimanjit bayan bakwai. Akwai wasu dangi nasu, wolastonit da bustamit, masu komawa bayan uku, sai firoksin da ke cikin baƙaƙen duwatsun aman wuta, mai komawa bayan biyu.

Tsawon wannan maimaici an auna shi. A rodonit kusan nanomita 1.2 ne, a firoksimanjit kusan 1.7, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ka ga ke nan bambancin ba abin da tabarau mai ƙara girma zai nuna ba ne. Duk dillalin da ya ɗaga dutse a rana ya ce maka wannan firoksimanjit ne, ba rodonit ba, cinta yake yi.

Me ke sa wannan ya fito a wani wuri, wancan ya fito a wani?

Zafi da matsi da abin da ke kusa. Dukansu suna samuwa ne inda tsohuwar laka mai manganis, wadda ta taɓa kwanciya a ƙarƙashin teku, ta nutse cikin ƙasa ta gasu ta matsu tare da silika, wato haɗin silikon da oksijin irin na yashi. Firoksimanjit ya fi son matsi mai yawa da zafin da bai kai na rodonit ba. Kalsiyam ma yana da ta cewa: ƙwayarsa babba ce, sarƙar mai biyar tana da gurbin da ya dace da ita, shi ya sa kusan duk rodonit na cikin ƙasa yana ɗauke da kalsiyam. Inda kalsiyam ya yi ƙaranci, ƙarfe ko magniziyam suka yi yawa, sai sarƙar mai bakwai ta samu wuri. Sau da yawa ma akan same su su biyun a cikin dunƙule ɗaya, sun sarƙe da juna.

Wace siffa lu'ulu'unsa yake da ita?

Masana sun kasa lu'ulu'un ma'adinai gida bakwai bisa daidaiton ɓangarorinsu. Gishiri yana gidan da ya fi kowane daidaito, ƙwayarsa 'yar akwati ce mai gefe daidai wa daida. Firoksimanjit da rodonit suna can ɗaya ƙarshen, gidan tiriklinik, inda layukan awo uku na lu'ulu'un babu biyu masu tsawo ɗaya, babu kuma inda suka haɗu a kusurwar digiri 90. Idan lu'ulu'un ya samu sarari ya girma, yakan fito falle mai kauri, a ɗan karkace. Amma wannan ba kasafai ba. Abin da aka fi samu dunƙule ne na ƙananan ƙwayoyi da suka manne.

Yana da hanyoyin tsagewa biyu masu kyau ƙwarai, da suka haɗu a kusan digiri 92. In ka fasa shi ka juya a rana, za ka ga ƙananan filaye masu santsi suna walƙiya, wasu kamar matakala. Yana da gautsi, bugu ɗaya ke raba shi.

Me ya sa cikinsa ruwan hoda ne amma wajensa baƙi?

Manganis ɗin ne duka. A cikin dutsen, inda iska ba ta kai ba, yana cikin yanayin da ke ba da ruwan hoda. Da ruwan sama da iska suka daɗe suna taɓa shi, sai ya ƙara haɗuwa da oksijin ya zama baƙi. Baƙin yakan bi tsage-tsagen dutsen ya shiga ciki, shi ne jijiyoyin nan masu kama da rassan itace da ake gani a jikin gogaggen rodonit. A ƙasa mai zafi da damina mai ƙarfi irin ta Adamawa wannan sauyi yana nisa, don haka mai neman dutsen manganis a irin ƙasarmu baƙi zai fara gani, sai ya sa guduma kafin ya ga launin ciki.

Akwai gwaji mai sauƙi na baƙin. Sayi ruwan wanke ciwo na famasi, wanda aka rubuta eau oxygénée a kwalbarsa. Kankare ɗan baƙin a faranti ka ɗiga masa. Idan na manganis ne, nan take zai tashi da kumfa yana tsuwwa. Baƙin dauɗa ko na gawayi ba ya yin haka da ƙarfi.

Malam, na fasa dutse a ramin zinariya na ga ruwan hoda. Shi ne?

Kafin ka yi murna, ɗan'uwa, fara da abubuwan da suka fi yawa. A arewacin Kamaru da kudu maso yammacin Chadi giranit ya cika ƙasa, kuma cikin giranit akwai feldispat mai ruwan hoda. Shi ne babban mai ruɗi, domin taurinsa kusan ɗaya da na firoksimanjit, shi ma kuma yana tsagewa ta hanya biyu kusa da digiri 90. Sai kwarz mai ruwan hoda, sai kalsit, wato ma'adinin dutsen siminti da mabul irin na yankin Figil da Bizar, wanda shi ma yakan ɗauki launi, sai garnet da masu wankin yashi ke gani ja-ja a gindin kwano.

Tauri shi ne gwajin farko. A ma'aunin Mohs, wanda aka tsara a 1812 daga 1 zuwa 10, farce yana wajen 2.5, kalsit 3, wuƙa da gilashin kwalba wajen 5.5, feldispat 6, kwarz 7, safir 9. Firoksimanjit yana tsakanin 5.5 da 6, rodonit yakan kai 6.5. Idan wuƙa ta shiga dutsenka ba wahala ta bar farin layi mai zurfi, ba shi ba ne. Idan ɓallin farin kwarz ya kasa karce shi, nan ma ba shi ba ne. Naka ya kamata wuƙa ta yi ta zamewa a kansa, kwarz kuwa ya kama shi. Ka share wurin da yatsa mai yawu ka sake dubawa, don sau da yawa abin da ake zaton karce ne, ƙarfen wuƙar ne ya gogu a jikin dutsen.

Goga shi kuma a bayan tayil inda ba a shafa sheƙi ba. Garin ɓangaren ruwan hoda fari ne, na ɓawon kuwa baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu. Amma gwajin da ya fi raba gardama shi ne na nauyi.

Yaya ake gwajin nauyin ba tare da kayan ɗakin bincike ba?

Sikelin zinariya na batir ya isa, in dai yana ɗaukar giram ɗari biyu ko fiye. Zaɓi gutsure mai tsabta, wanda ba shi da ɓawo ko wani dutse manne da shi. Auna shi a bushe ka rubuta. Sai ka ɗora ƙaramin kofin roba da ruwa a kan sikelin, ka danna ya koma sifili. Ɗaure dutsen da zaren ɗinki ka sauke shi cikin ruwan har ya nutse duka, kada ya taɓa gindi ko gefen kofin, kada kuma kumfa ta maƙale masa. Lambar da ta fito ita ce nauyin ruwan da ya ture. Raba ta farko da ta biyu. Misali, dutse mai giram 37 da ya nuna giram 10 a ruwa, amsarsa 3.7.

Feldispat yana ba da kusan 2.6, kwarz 2.65, kalsit 2.7, turmalin wajen 3.1. Firoksimanjit yana tsakanin 3.6 da 3.8, rodonit daga wajen 3.4 zuwa 3.7. Safir yana wajen 4, garnet mai ja kuwa daga wajen 3.6 zuwa 4.3. Tazarar da ke tsakanin 2.6 da 3.7 ba ƙarama ba ce, wanda ya saba ma a tafin hannu yake jin ta. Ni a ganina duk mai sayen duwatsu da bai iya wannan awo ba, bai kamata ya fitar da sefa ko ɗaya ba.

Ƙaramin ƙari: mayen ƙarfe mai ƙarfi sosai, irin ƙananan nan masu farin sheƙi, yana ɗan jan ma'adinan manganis. Ɗora ɗan gutsure a kan kumfar roba da ke yawo a ruwa ka matso da mayen, za ka ga yana biyo shi a hankali. Kwarz da feldispat ba sa bi.

Asid fa? Ruwan batir zai nuna wani abu?

Bar ruwan batir, haɗarinsa ya fi amfaninsa. Abin da ake gwaji da shi asid ɗin wanke tayil ne, wanda aka sirka da ruwa sosai, ɗigo ɗaya a waje cikin iska. Kalsit yana kumfa nan take. Firoksimanjit da rodonit ba sa yi. Amfanin gwajin shi ne raba su da rodokurosit, wani ma'adinin manganis mai ruwan hoda wanda nauyinsa 3.7 ne kamar nasu. Shi kabonet ne, wato dangin kalsit, yana kumfa a asid mai ɗumi, kuma taurinsa bai wuce 4 ba, wuƙa ma ta isa ta tona shi.

Abu biyu a kiyaye. Kalsit yakan cakuɗu da rodonit, don haka kumfa a wani lungu ba ta kore sauran dutsen. Sannan kada a zuba wannan asid mai ƙarfi a kan baƙin ɓawon, musamman da zafi, domin yana fitar da iskar kulorin mai cutar huhu.

Duk gwaje-gwajen sun dace. Yanzu ta yaya zan san firoksimanjit ne ko rodonit?

A gida iyakarka ke nan. Taurinsu da nauyinsu da launinsu sun shiga juna. Hatta awon lanƙwasar haske na masu duwatsun ado bai cika yankewa ba, don dukansu suna tsakanin 1.71 da 1.76. Masanin da ya yanka dutsen siriri ya sa a madubin bincike mai tace haske zai iya ganin alama, domin wata kusurwa da suke aunawa tana wajen digiri 40 a firoksimanjit, a rodonit kuwa ta haura 60. Hukunci na ƙarshe na na'urar hasken X ne: a niƙa ɗan gutsure, a haska, jerin ƙwayoyin ya bar tambarinsa, a ga biyar ce ko bakwai. Na'urar Raman mai aiki da hasken lesa ita ma tana rabawa ba tare da an fasa dutsen ba.

A ina ake samunsu a duniya?

Kyawawan lu'ulu'un firoksimanjit sun fito daga mahaƙar Taguchi a lardin Aichi na Japan, da Broken Hill a Ostireliya, da Morro da Mina a jihar Minas Gerais ta Burazil. Rodonit ya fi yaɗuwa: Suwidin, Feru, Madagaska, da Franklin a jihar New Jersey ta Amurka, inda ake samun wani nau'i mai tutiya. Jihar Massachusetts ta ɗauke shi a matsayin dutsen adonta a 1979.

Amma ba wanda ya yi aiki da rodonit kamar Rashawa. A duwatsun Ural, kusa da birnin Yekaterinburg, sun riƙa ciro shi manya-manya. Daga dunƙule ɗaya mai fiye da tan 40 aka sassaƙa akwatin kabarin sarauniya Mariya Aleksandrovna da ke birnin San Fitasbag, kuma ginshiƙan tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Mayakovskaya a Mosko, wadda aka buɗe a 1938, an yi musu ado da shi.

Gaskiya ne an samo shi a duniyar wata?

Ɗan'uwansa ne aka samo. Cikin duwatsun da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka kawo a 1969 an gano wani ma'adini mai sarƙa bakwai irin tasa, sai dai baƙin ƙarfe ne ya rinjayi manganis a cikinsa. Aka bayyana shi a 1970 da sunan firoksiferoyit.

Tunda yana da wuyar samu, ai zai yi tsada ko?

A nan mutane da yawa ke asara, Alhaji. Wuyar samu daban, kasuwa daban. Zinariya ko a wane ƙauye ka kai ta akwai mai sikeli yana jiranka. Firoksimanjit kuwa masu sayensa 'yan kaɗan ne: masu tara ma'adinai, da gidajen adana kayan tarihi, da masu yankan duwatsu da ke son abin da ba kowa ke da shi ba. Su ma abin da suke biya da daraja lu'ulu'u ne cikakke, ja mai haske da ake gani ta cikinsa, wanda bai karye ba, aka kuma san ramin da ya fito. Dunƙule marar haske, ko da na firoksimanjit ne, farashin kayan tsakiya da sassaƙa yake bi, a kilo ake cinikinsa. Da yawa daga cikin abin da ake sayarwa da sunan rodonit ma akwai firoksimanjit a ciki, ba mai saye ba mai sayarwa da ya damu.

Saboda haka in Allah ya sa ka faɗa kan rami mai lu'ulu'u a tsaye, kada ka ɓalle su ɗaya-ɗaya. Ciro su tare da dutsen da suke kai, ka naɗe da tsumma. Guduma ɗaya tana iya mai da abin daraja tsakuwa.

Ba a narka shi a fitar da manganis ɗin?

Ba a cika yi ba. Manganis ƙarfe ne mai kasuwa, kusan kashi tara cikin goma nasa yana tafiya wajen haɗa baƙin ƙarfe mai ƙwari, kuma baƙin garin da ke cikin batirin tocila da shi ake yin sa. Tun 1774 wani ɗan Suwidin mai suna Gahn ya fara ware shi. Amma masana'antu sun fi son baƙaƙen duwatsun manganis da na kabonet, domin raba manganis da silika yana cin wuta da kuɗi. Irin waɗancan ake haƙa a Moanda ta Gabon, maƙwabciyarmu, tun 1962, da Nsuta a Gana, da yankin Kalahari a Afirka ta Kudu. Amfanin dutsen ruwan hoda ga mai bincike shi ne alama: inda yake, akwai manganis a ƙasar.

Zai yi zobe?

Zai yi, amma ba zai daɗe da kyau ba. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa cike take da kwarz, wanda ya fi shi tauri, sai ta riƙa dusashe sheƙinsa. Ga tsagewa: lu'ulu'unsa yana cikin waɗanda suka fi ba masu yanka wahala, yakan rabe a kan injin. Dunƙulen ya fi juriya, ya dace da carbi da abin wuya da 'yan kunne. A wanke da ruwa da sabulu, a ajiye shi daban da sauran duwatsu.

An ce yana maganin ɓacin rai da ciwon zuciya. Haka ne?

Tallar masu sayarwa a intanet ce, babu hujjar likitanci a bayanta. Sanya shi a jiki ba ya cutarwa, amma kada a niƙa a sha, kada a jiƙa a ba yaro. Haɗarin gaske yana wurin mai gogawa. Shaƙar ƙurar manganis na tsawon lokaci tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta kawo rawar jiki da nauyin tafiya, ƙurar silika kuma tana lalata huhu. A yi yanka da guga da ruwa yana zuba, a rufe hanci da abin kariya na ƙwarai.

Ina zan kai dutsena a duba mini?

A Garwa akwai cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai ta gwamnati, a Maiganga akwai makarantar ilimin ƙasa da haƙar ma'adinai ta Jami'ar Ngawndere, jami'o'in Marwa da Njamena kuma suna da malaman wannan fanni. Su za su ce maka ko dutsen ya cancanci a tura shi na'ura. Kai gutsure biyu, ɗaya mai ɓawo ɗaya sabuwar karaya, tare da ɓallin dutsen da ke kewaye da shi. Rubuta wurin da zurfin ramin, da sakamakon awonka na tauri da nauyi, ka kuma riƙe rabin samfurin a hannunka. In maganar ta kai ga haƙa ko fitar da kaya waje, sai ka fara biyawa ta ofishin ma'aikatar ma'adinai na yankinku ka ji takardun da ake buƙata.